Daga Takarda da Ɗan Ludo Zuwa Netflix: Tarihin Cyberpunk: Edgerunners

Da aka ce ni zan kawo rubutun wannan mako, na so in ɗauko tarihin wani littafi na gida. Sai na tuna muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu kan aron labari: wanda ya ɗauko duniyar da wani ya gina ya zuba nasa labarin a ciki, marubuci ne ko tela mai gyaran tsohuwar riga? Shi ya sa na zaɓi wani katun na Japan, irin wanda ake kira anime, mai suna Cyberpunk: Edgerunners. Ya fito a Netflix ranar 13 ga Satumba, 2022, kashi 10 ne kacal, kuma daga wasan bidiyo aka ciro shi. Kafin mu yi nisa, ku sani zan faɗi yadda labarin ya ƙare. Sannan ba na yara ba ne, akwai jini da tsiraici da zagi a ciki, kada wani ya ga zane ya kunna wa ƙannensa.

A farkon kashi na 1, wani yaro ɗan makaranta mai suna David Martinez yana jiran injin wanki ya gama da kayan makarantarsa, sai injin ya tsaya ana tsakiyar wanki saboda kuɗin da aka biya ya ƙare. Ba a yi mana dogon bayani kan yadda duniya ta lalace ba. Injin wankin nan ya riga ya gaya mana irin garin da muke ciki, garin da komai na haya ne, kuma da zarar aljihu ya bushe abin zai daina aiki ko kana tsakiyar amfani da shi. Sunan garin Night City, kuma lokacin da aka zana wannan injin, garin ya haura shekara 30 da ƙirƙira.

Wanda ya ƙirƙire shi baƙar fata ne ɗan Amurka, Mike Pondsmith, mai kamfanin R. Talsorian Games. A 1988 ya fitar da wani wasa mai suna Cyberpunk. Ba na kwamfuta ba ne. Littafi ne na dokoki, mutane huɗu ko biyar su zauna a tebur, kowa da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayan faɗansa, mutum ɗaya ya zama alƙali mai ba da labari, a riƙa jefa ɗan ludo don a san ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Wasan farko ya sa labarinsa a shekarar 2013. A 1990 aka sabunta shi da sunan Cyberpunk 2020, kuma wannan ne ya bazu a duniya.

Ita kalmar cyberpunk ba Pondsmith ya haife ta ba. Sunan wani gajeren labari ne na Bruce Bethke da aka buga a 1983. Fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Neuromancer na William Gibson na 1984 su suka ba salon kamanninsa: fasaha ta kai ƙololuwa, rayuwar talaka ta faɗi ƙasa warwas, manyan kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi. Pondsmith ya sha ambaton littafin Hardwired na Walter Jon Williams, na 1986, a cikin abubuwan da suka yi masa tasiri. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi kansa masoyin katun na Japan ne tun da wuri, don kafin Cyberpunk ya yi wani wasa mai suna Mekton, na manyan mutum-mutumin ƙarfe irin na Gundam.

Ku lura da wane ne babban azzalumi a Night City. Kamfani ne na Japan mai suna Arasaka. Wannan ya samo asali daga fargabar da ta cika Amurka a shekarun 1980, lokacin da motoci da talabijin na Japan suka mamaye kasuwanninta. A 1989 kaɗai, Sony ya sayi kamfanin fim na Columbia, Mitsubishi kuma ya sayi kaso mafi tsoka na rukunin gine-ginen Rockefeller da ke New York. Marubutan wancan zamani sun ɗauka Japan ce za ta mallaki gobe. Hakan bai faru ba, tattalin arzikinta ya tsaya cik a shekarun 1990, amma Arasaka ya ci gaba da mulki a cikin labari. Abin dariyar shi ne, daga ƙarshe mazana 'yan Japan ne suka zauna a Tokyo suka zana wannan dodo da tsoron ƙasarsu ya haifa.

Yanzu ga abin da na fi so mu riƙe, don shi ne ƙashin bayan wannan rubutu. A cikin littafin dokokin na 1990 akwai wani lissafi. Kowane ɗan wasa yana da maki na tausayi, wato yadda yake jin sauran mutane a ransa. Ana ninka wannan maki sau 10, ya zama makin mutuntakarsa. Duk ƙarfen da ka dasa a jikinka, ko hannu ne mai ɓoye bindiga, ko ido mai gani cikin duhu, ko waya a cikin jijiya da ke ƙara maka sauri, yana da farashi biyu: kuɗi, da wani yanki na mutuntaka. In ka rasa maki 10 na mutuntaka, tausayinka ya ragu da 1. In tausayin ya ƙare, ka kamu da abin da zan kira haukar ƙarfe, ka fara kallon mutane kamar nama. A nan alƙalin wasa zai miƙo hannu ya karɓe takardarka, wannan mutum ya fita daga hannunka.

Pondsmith ya sa dokar ne a matsayin birki, don kada ɗan wasa ɗaya ya cika jikinsa da makamai ya fi ƙarfin kowa a tebur. Lissafi ne na daidaita wasa. Amma duk marubucin da ya dube shi da kyau zai ga cikakken labarin tashi da faɗuwa a kwance cikin layi biyu.

Daga Amurka wasan ya tsallaka Poland. An fassara shi zuwa harshensu a shekarun 1990, bayan rushewar mulkin kwaminisanci, matasa suka rungume shi. Wasu daga cikin waɗannan matasa ne suka girma suka yi aiki a CD Projekt, kamfanin da Marcin Iwiński da Michał Kiciński suka kafa a Warsaw a 1994. Kamfanin ya yi suna da wasannin The Witcher, waɗanda su ma aro ne daga littattafan Andrzej Sapkowski. A 2012 suka sanar cewa sun yi yarjejeniya da Pondsmith za su mayar da Night City wasan bidiyo mai suna Cyberpunk 2077.

Shekara 8 aka yi ana jira. A 2019 jarumin fim Keanu Reeves ya hau dandamali a bikin baje kolin wasanni na E3 ya ce yana ciki, zai fito a matsayin Johnny Silverhand, wani mawaƙi ɗan tawaye da ke cikin littattafan Pondsmith tun asali. Aka sa ranar fitowa a Afrilu 2020, aka ɗage zuwa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba, sannan ya fito ranar 10 ga Disamba. Mutum miliyan 8 sun riga sun biya tun kafin su gan shi. Kuɗin da aka kashe wajen yin sa da tallata shi ya haura dala miliyan 300.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne. A kan tsofaffin na'urorin PlayStation 4 da Xbox One wasan kusan ba ya buguwa: hoto ya daskare, motoci su faɗo daga sama, mutane su tsaya hannu a buɗe kamar gumaka, wasan ya mutu ana tsakiyar yi. Mako guda bayan fitowarsa Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu, abin da ba a saba gani ba ga wasa mai girma haka. Bai dawo da shi ba sai Yuni 2021. Hannun jarin kamfanin ya faɗi, masu zuba jari suka kai ƙara, Iwiński ya fito a bidiyo a Janairu 2021 ya ba da haƙuri. Tun kafin nan an ruwaito cewa an tilasta wa ma'aikata aikin kwana 6 a mako don a cika alkawarin rana. Mutane ba su bar wannan ya wuce ba, cewa wasan da ke sukar kamfanoni masu tatse ma'aikata da yaudarar masu saye ya fito daga hannun kamfanin da ake zargi da abu ɗaya.

Duk da tarin kurakuran, labarin wasan yana da kyau. Sai dai akwai abin da suka ajiye a gefe. Jarumin wasan, V, yana iya dasa ƙarfe iya kuɗinsa ba tare da makin mutuntakarsa ya taɓu ba. Masu haukar ƙarfe suna nan a gari, amma wasu mutane ne can da ake tura ka ka kama. Na fahimci dalilin. Ba wanda zai sayi wasa da tsada ya yi awa 60 yana gina jarumi, sannan kwamfuta ta ƙwace shi ta ce ya haukace. Dokar da ta yi aiki a tebur ba ta dace da wannan kasuwa ba.

Sau da yawa za ku ji ana cewa an yi Edgerunners ne don a wanke sunan wasan. Kwanan wata bai goyi bayan haka ba. An sanar da katun ɗin tun Yuni 2020, wata 6 kafin a san wasan zai yi tuntuɓe. CD Projekt ya ba da duniya da ƙashin labari, Rafał Jaki yana jagorantar aikin, Bartosz Sztybor yana cikin marubuta. Zane da tsara fitowa kuma aka ba Studio Trigger na Tokyo, wanda Hiroyuki Imaishi da Masahiko Otsuka suka kafa a 2011 bayan sun bar Gainax. Imaishi ne darakta, mutumin da ya yi Gurren Lagann da Kill la Kill da Promare, wanda aka sani da launi mai kashe ido da motsi kamar na mahaukaci. Yoh Yoshinari ya zana siffofin mutanen, Akira Yamaoka na wasannin Silent Hill ya yi kiɗa.

Shawarar farko da ta cece su ita ce ba su sake ba da labarin V ba. Mafi yawan finafinan da ake cirowa daga wasan bidiyo a nan suke faɗuwa, su ɗauko jarumin da ɗan wasa ya saba sarrafawa da hannunsa su ce ya zauna ya kalle shi. Edgerunners ya koma baya da kusan shekara guda kafin abubuwan da suka faru a wasan, ya ɗauko yaron da ba kowa ba.

Mahaifiyar David, Gloria, ma'aikaciyar motar asibiti ce. Tana kashe kanta da aiki don ta biya masa kuɗin makarantar Arasaka, inda 'ya'yan manya ke karatu, burinta wata rana ya hau saman benen kamfanin. Suna cikin mota a babbar hanya harbin 'yan daba ya rutsa da su. Jirgin agajin gaggawa na Trauma Team ya sauko, ma'aikatan suka duba, suka ga ba su cikin masu biyan inshora, suka bar su a kan kwalta. Gloria ta mutu a wani asibitin araha, aka ƙona gawar aka miƙo masa tokar a cikin gwangwani. A cikin kayanta ya tarar da wani ƙarfe na sojoji mai suna Sandevistan, wanda ake dasawa a ƙashin baya, mai sa mutum sauri har ya ga kowa kamar ya tsaya. Ta ciro shi ne daga wata gawa don ta sayar ta biya kuɗin makaranta. Ya kai wa likitan bayan fage ya dasa masa.

Daga nan labarin bin lissafin Pondsmith yake yi, mataki bayan mataki, ba tare da an taɓa nuna mana lamba ba. David ya haɗu da Lucy, mai kutsen kwamfuta da ke mafarkin zuwa duniyar wata, ta kai shi cikin ƙungiyar sojojin haya ta Maine. Maine ya zame masa uba. Maine kuma jikinsa ya cika da ƙarfe, hannunsa ya fara rawa, yana shan magani yana cewa lafiyarsa ƙalau. A kashi na 6 ya haukace, masoyiyarsa Dorio ta mutu a dalilinsa, shi ma ya tafi. A ganina wannan kashi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, domin an nuna wa David ƙarshen hanyar da idonsa, ya tsaya a gabanta, sannan ya ɗauki hannayen ƙarfen Maine ya sa a jikinsa. A kashi na 7 mun same shi ya zama ƙato, shi ne shugaba, kuma nasa hannun ya fara rawa.

Me ya sa bai tsaya ba? Saboda ya yarda shi na daban ne. Jikinsa yana jure ƙarfe fiye da na kowa, kuma wannan gaskiya ce, Arasaka ma sun lura har suna son su gwada sabon makaminsu a kansa. Bayan fitowar katun ɗin Pondsmith da kansa ya yi bayani a Reddit da harshen dokokinsa, cewa yaron ya fara da makin mutuntaka mai yawa ne domin ya taso da uwa mai ƙaunarsa, daga baya kuma ya samu Lucy da Maine. Wato abin da ya ba shi juriya shi ne mutanen da ke kewaye da shi, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗauke su. Ga wani abu kuma da Lucy ta gano tun da wuri: David ba shi da burin kansa. Na mahaifiyarsa ya ɗauka, ya ɗauki na Maine, ya ɗauki na Lucy. Ya kai saman benen Arasaka kamar yadda Gloria ta so, amma da makami a jikinsa da hankali rabi.

A can ya gamu da Adam Smasher, wanda kusan babu sauran nama a jikinsa. Smasher tsohon mutumin Pondsmith ne daga zamanin tebur, kuma duk wanda ya buga wasan bidiyon ya san yana raye a 2077, Arasaka ma yana tsaye. Ke nan marubutan an ɗaure musu hannu tun kafin su fara. David ba zai iya kashe Smasher ba, ba zai rusa kamfani ba, ba zai canza garin ba, don garin na wani ne kuma ana bukatarsa yadda yake. Da yawa daga cikinmu in aka ba mu irin wannan sharaɗi za mu ce an tauye mu. Su kuwa sai suka rage abin da ake faɗa a kansa ya koma rai ɗaya: shin Lucy za ta fita? Smasher ya murƙushe Rebecca, ya kashe David, Falco ya tsere da Lucy a mota. Ta je duniyar wata ita kaɗai.

Ba zan ce aikin ba shi da aibi ba. Bayan kashi na 6 gudu ya yi yawa. Tsallaken lokacin da aka yi ya hana mu ganin yadda David ya zama shugaba, cin amanar Kiwi bai samu shimfiɗar da ta ishe shi ba, Lucy kuma da ta fara da ƙarfinta ta koma wadda ake sacewa a je ceto. Da an ƙara kashi 2 ko 3 da ya fi zama daidai. Akwai kuma wuraren da jinin ya wuce bukatar labari, ya zama ado kawai, halin Imaishi ne. Ita Rebecca, 'yar ƙaramar mai manyan bindigogi, an ruwaito cewa mutanen CD Projekt sun so a cire siffarta don ba ta dace da duniyarsu ba, Trigger suka ƙi. Ta zama ɗaya daga cikin waɗanda masu kallo suka fi so, abin da ke nuna mai duniya ba kullum ya fi baƙo sanin abin da zai zauna a cikinta ba.

Sakamakon ya zo da sauri. A cikin makonnin da suka biyo baya kamfanin ya sanar cewa mutum miliyan 1 ne ke shiga wasan kowace rana, kafin Satumba ta ƙare kuma ya ce an sayar da kwafi miliyan 20. Adalci shi ne a faɗi cewa sun shafe kusan shekara 2 suna gyara, don haka waɗanda katun ya koro sun tarar da wasan da ke aiki. Da a Disamba 2020 aka koro su, da sun sake gudu. Wata waƙa da ke cikin rediyon wasan tun farko ba a damu da ita ba, mai suna I Really Want to Stay at Your House, ta zama abin da ke sa mutane hawaye saboda inda katun ya ajiye ta. A Maris 2023 Edgerunners ya ci kyautar anime na shekara ta Crunchyroll, ya doke Attack on Titan da Demon Slayer da Spy x Family.

Sai kuma ruwa ya koma inda ya fito. A Satumba 2023, daf da fitowar ƙarin labari mai suna Phantom Liberty wanda Idris Elba ya fito a ciki, kamfanin ya sake fasalin wasan. Aka sa iyaka ga yawan ƙarfen da jikin V zai ɗauka, aka ƙara wata baiwa mai suna Edgerunner da ke ba ka damar tsallake iyakar, amma lafiyarka ta ragu, wani lokaci kuma a tsakiyar faɗa ka ji jarumin naka ya fashe da dariyar da ba ta masu hankali ba. Dokar da Pondsmith ya rubuta a takarda, wasan bidiyo ya ajiye ta, katun ya ɗauko ya gina labari a kanta, shekara 33 bayan littafin 1990 wasan ya dawo da wani yanki nata.

A Yuli 2025 aka sanar da Edgerunners na 2, Trigger ne dai za su zana, Kai Ikarashi da ya yi fice da aikinsa a kashi na 6 shi ne darakta, kuma sababbin mutane ne da sabon labari. David ba zai dawo ba. A Night City akwai wata mashaya mai suna Afterlife inda sojojin haya ke taruwa, al'adarsu ita ce ba a sa wa abin sha sunanka sai ka mutu mutuwar da gari zai yi maganarta. Wanda ya shiga wasan yau ya je wurin mai sayarwa ya duba jerin, zai ga sunan Johnny Silverhand, zai ga na David Martinez.